Ku Tambaya, Mu Amsa: Kwana Biyu a Birni da Yaro, Ina Za a Kai Shi?

Hutun makaranta ya matso, kuma wasiƙun da suka fi yawa a wannan karon daga iyaye ne masu shirin shiga wani birni na kwana ɗaya ko biyu tare da yara. Mun zaɓi guda shida. Waɗanda tambayarsu ta yi kama da waɗannan, sai su ɗauki amsarsu a ciki.

Daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi: Assalamu alaikum. Nakan zo Kano sarin kaya a Kantin Kwari. Wannan karon zan zo da ɗana mai shekara 8, mu sauka ranar Laraba da dare, mu juya Asabar da safe. Ina so ya ga Dutsen Dala, Gidan Makama, Kasuwar Kurmi, marinar Ƙofar Mata, gidan zoo, Gidan Ɗan Hausa, in da hali har madatsar ruwa ta Tiga. Ga kuma sarin da zan yi. Yaya zan jera su?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin a yi maganar jerawa sai an yi ta ragewa. Wurare bakwai ka lissafa, ga sari, a cikin yini biyu, ɗaya daga ciki kuma Juma'a ce. Babba ma in ya yi wannan zagaye sai ya nemi mai tausa. Ƙa'idar da muke ba kowa ita ce wuri ɗaya babba da safe, ɗaya ƙarami da yamma, tsakaninsu abinci da kwanciya. Wurare huɗu ke nan a yini biyu, sarinka kuma zai cinye ɗaya, saura uku.

Cire Tiga tun yanzu, tafiyar fiye da awa ɗaya ce a zuwa kawai, yaron zai ƙare yininsa a mota. Gidan Ɗan Hausa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, wuri ne mai kyau, amma shi da Gidan Makama kusan abu ɗaya suke ba yaro: gini na ƙasa da kayan tarihi. Ɗaya ya isa.

Safiyar Alhamis ka fara da marinar Ƙofar Mata, ka isa wajen ƙarfe 8:30 kafin rana ta ɗaga. Dalilin da muka sa ta gaba shi ne a nan ana aiki, ba kallon abin da aka ajiye ake yi ba, kuma yaro mai shekara 8 abin da ke motsi yake bi da ido. Marinar tana kusa da Asibitin Murtala, masu ita kuma suna kai tarihinta zuwa 1498. Ramukan rinin a ƙasa suke, an cika su da ruwa da baba da toka da kanwa, an bar su sun nuna. Ka roƙi ɗaya daga cikin marinan ya tsoma farin ƙyalle a gaban yaron. Idan ya ciro shi, zai fito da launi mai kore-kore, sai iska ta buge shi ya riƙa juyewa zuwa shuɗi ana kallo. Ya sake tsomawa, ya sake cirowa, kowane karo shuɗin yana ƙara duhu. Kada ka faɗa wa yaron abin da zai faru, bar shi ya gani da idonsa, shi zai juyo ya tambaye ka dalili. Dalilin kuwa iska ce: sai ta taɓa baban sannan yake kama zare ya zama shuɗi, shi ya sa ba a barin ƙyallen a ciki a tafi. Daga nan ku bi ƙarar bugu zuwa rumfar masu bugu, inda ake shimfiɗa yadi a kan gungume ana dukansa da manyan guduma na itace har ya yi sheƙi. Galibi in ka yi magana da ladabi za su bar shi ya ɗaga gudumar ya ji nauyinta.

Abubuwa uku ke ɓata wannan ziyara. Ramukan ba su da shinge, wasu kuma an daina aiki da su, don haka hannunsa ya kasance cikin naka. Ruwan baba in ya taɓa tufafi ba ya fita, kada ka sa masa farar shaddar Sallah. Sannan wurin yana da wari mai ƙarfi, ka gaya masa tun a hanya don kada ya toshe hanci a gaban masu sana'a ya ba ka kunya. Ka shirya kuɗin sallama ga wanda ya zagaya da ku, ku daidaita kafin a fara, ka kuma nemi izini kafin ɗaukar hoto. Minti 40 ya wadatar.

Gidan Makama ba shi da nisa daga nan, yana daura da fadar Sarki, don haka za ka iya haɗa su a safiya ɗaya in ka ga yaron da sauran kuzari. Gidan ya samo asali tun ƙarni na 15, ana danganta shi da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499. Ɗakunan nuni suna da yawa, mai zagayawa da baƙi kuma ya saba bin su ɗaya bayan ɗaya yana jero sunayen sarakuna. Ka ce masa tun a zaure, da yaro kuke, abu uku kawai kuke so: tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, kayan yaƙi irin su sulke da kwalkwali da lifidi, da ɗakin amarya mai jere. Ƙarfe 11:30 ku fito, ku ci abinci, ku koma masauki.

Bayan La'asar sai Dutsen Dala. Matakalar kimanin 100 ce, yaro mai shekara 8 zai riga ka kaiwa sama, kuma nan matsalar take, domin saman dutsen fili ne, gefensa ba ko'ina ke da kariya ba. Ka sa masa doka tun a ƙasa: ba ya wuce ka da fiye da taki biyar. Takalmi mai kama ƙafa, ba silifa ba. A sama ka ba shi aiki, ya nemo maka Goron Dutse, ya nemo hasumiyoyin babban masallacin cikin gari, ya nuna gabas. Labarin Barbushe da Tsumburbura a nan ake ba da shi, ba a mota ba. Ku tafi da ɗan gari wanda ya san unguwar, ku kuma sauko kafin Magariba.

Safiyar Juma'a ka yi sarinka da wuri, ka bar yaron a gidan mai masaukinka in akwai yara. Kantin Kwari, da 'yan dako da kura da cunkoso, ba wurin jan yaro ba ne, kuma hankalinka zai rabu biyu har ka yi kuskuren lissafi. Daga 12 zuwa 3 na rana kada ka sa wani yawo a cikin gari, hanyoyin da ke kewayen manyan masallatai suna cushewa, wasu ma a rufe su. Gidan zoo na Audu Bako sai ya zama na yamma, daga ƙarfe 4, lokacin da dabbobin suka fara tashi daga inuwa. Kada ka yi masa alkawarin wata dabba takamaimai, don abin da ke gidan zoo bana ba lallai ne shi ne na bara ba, yaro kuwa in an ce masa zai ga giwa bai gani ba, duk sauran dabbobin ba su shiga lissafi. Kurmi ka ajiye ta sai zuwa na gaba.

Abu biyu na ƙarshe. Ka canza sefarka a Wapa tun ranar farko, ka riƙe ƙananan takardun naira, domin ba kowace ƙofar shiga ke da na'urar cirar kuɗi mai aiki ba. Sannan in Asabar ɗin da za ku juya ita ce ta ƙarshen wata, akwai tsaftar muhalli, ana hana zirga-zirga daga 7 zuwa 10 na safe. Ko ku bar gari kafin 7, ko ku yi karin kumallo a natse.

Daga wata uwa a Sakkwato: Maigidana zai halarci taro a Abuja, za mu bi shi ni da yara biyu, mace mai shekara 4 da namiji mai shekara 11. Yini ɗaya da rabi gare mu, shi kuma ba zai samu fita da mu ba. Abin da ke burge babban ba ya burge ƙaramar. Me zan yi kada ɗaya ya ɓata wa ɗaya?

Hajiya, lokacin fita da na dawowa ƙaramar ce za ta tsara, wurin zuwa kuma ki bar babban ya zaɓa daga cikin biyu da ke kika riga kika tace. Kada ki tambaye shi "ina kake so mu je?", zai ambaci abin da ba ya yiwuwa. Ki ce, "jirgin ƙasa ko kwalekwale?" Duk wanda ya ɗauka, ya zama nasa, ba zai yi ƙorafi a kansa ba.

Abuja ba kamar Sakkwato ba ce, wurare suna da nisa da juna, a tsakiyar birnin kuma ba a barin babur da a-daidaita-sahu. Ki sa masaukinku ya haɗa ki da direban da suka sani, ku yi ciniki na rabin yini, ya riƙa jiranku. Ko ki kira mota ta manhajar waya. Abin da ba za ki yi ba shi ne tare motar da kika gani a titi da fasinjoji a ciki, mazauna garin sun san abin da ake kira "wan cans", wato ɓarayin da ke shigar direba da fasinjoji su yi wa wanda ya hau fashi.

Da safe Millennium Park da ke Maitama, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta buɗe a Disamban 2003. Fili ne mai ciyawa da hanyoyin tafiya da bishiyoyi, kuma shi ne irin wurin da tazarar shekaru ba ta da tasiri: ki zo da tabarma da ƙwallo da abin taɓawa, ƙaramar ta yi ta gudu, babban ya buga ƙwallonsa, ke ki zauna kina ganinsu duka. Iyaye sukan raina irin wannan, su ce ai ba a zo Abuja don ciyawa ba. To, yarinya mai shekara 4 da ta kwana a ɗakin otal bayan doguwar tafiya, gudun nan shi ne zai sa ta yi barcin rana, barcin ranar kuma shi ne zai ba ki yamma mai daɗi. A hanyar dawowa direba ya tsaya a Babban Masallacin Ƙasa, wanda aka gina a 1984, ku yi Azahar, su ga ƙubbar nan mai ruwan zinariya kusa da kusa.

Da yamma abin da babban ya zaɓa. In kwalekwale ne, tafkin Jabi. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassauta shi: kowane yaro da rigar kariya daga nutsewa daidai jikinsa. Ki ɗaure mata, ki kama kafaɗun rigar ki ja sama. In ta zame ta rufe mata haɓa da kunnuwa, ta yi mata yawa, a ruwa za ta fice daga ciki. In babu ƙarama, ba ta shiga, a yi kallo daga baki. Babban kantin da ke bakin tafkin yana da banɗaki da wurin abinci da sanyi, abin da za ki gode masa da yarinya a hannu. In jirgin ƙasa ya zaɓa, akwai jirgin cikin gari da aka farfaɗo da shi a watan Mayun 2024, yana tashi daga tashar tsakiyar birni ya bi ta Idu zuwa filin jirgin sama. Ba kowane lokaci yake tashi ba, sai direban ya je ya duba jadawalin ranar kafin ki fito da yara, kada ku yi awa biyu a benci.

Rabin yinin da ya rage, gidan zoo da filin wasan yara na Asokoro, a gindin Dutsen Aso. Yankin fadar shugaban ƙasa ne, ki ja wa babban kunne kada ya ɗaga waya ya ɗauki hoton sojoji ko shingensu. Dutsen Zuma kuwa ba a yi masa fita ta musamman. Yana Madalla, a kan hanyar Kaduna, in ta mota za ku koma za ku wuce ta gabansa. Ki ba yaran takardar naira 100 su riƙe, su gwada hoton da dutsen, su nemo fuskar mutum da ake cewa tana jikinsa. In damina ce, ruwan Abuja ya fi saukowa da yamma, sai ki musanya: tafki da safe, wuri mai rufi da yamma.

Daga wani malamin firamare a Zariya: Duk lokacin da na kai 'yata gidan tarihi, minti goma sai ta ce ta gaji. Ina so ta san tarihi. Ko dai ba ta da sha'awar ilimi ne?

Malam, ba ka faɗi shekarunta ba, amma in ba ta kai 10 ba lafiyarta ƙalau. Akwatunan gilashi an yi su ne daidai idon babba, rubutun da ke jikinsu na manya ne, kuma an ce kada ta taɓa, kada ta yi gudu, kada ta ɗaga murya. Ka durƙusa daidai tsayinta ka duba, za ka ga rabin abin da kake nuna mata ba ta ma hango shi.

Daren da za ku je ka ba ta labari ɗaya da ya shafi abu ɗaya da ke wurin. A ƙofa ka ba ta abubuwa biyar da za ta nemo, takobi, ƙwarya, doki, kambu, wani abu ja, duk wanda ta gano ta yi masa alama a takarda. Ka bar ta ta yi gaba kana binta. Ku fita tun tana so, ba sai ta fara jan ƙafa ba, minti 30 zuwa 45 ya isa. Tarihin da za ta riƙe shi ne wanda ta tambaya da bakinta, don haka in ta tsaya a gaban tukunya ta ƙi matsawa, kai kuma kana ɗokin nuna mata hoton Sarki, tukunyar ce darasin ranar.

Daga wani direban babbar mota a Gombe: Zan kai iyalina Legas wurin ƙanena a Agege, kwana uku. Yarana, mai shekara 6 da mai shekara 9, ba su taɓa ganin teku ba. An kuma ba ni labarin wata gada da ake tafiya a saman bishiyoyi a Lekki.

Malam, kai da ka san hanya ba sai an gaya maka ba: a Legas ba a auna nisa da kilomita, da cunkoso ake aunawa. Daga Agege zuwa Lekki, in ka fita ƙarfe 7 na safe a ranar aiki, kana iya cinye awa uku. Ka sa wannan fitar ranar Asabar ko Lahadi da sassafe, ta gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, wadda ita kanta abin kallo ce, ga ruwa hagu da dama, ga gidajen Makoko a kan ruwa.

Wurin da aka ba ka labari shi ne Lekki Conservation Centre, gandun da aka kafa a 1990. Gadar igiyar tana da tsawon mita 401, inda ta fi tsayi kuma ta haura mita 22 daga ƙasa. Sai dai akwai ƙa'idar shekaru, ba a barin ƙananan yara su hau, naka duka biyun ba su kai ba. Kada ka nuna musu hotonta a waya kana zuga su, ku je ƙofa a hana su, kuka ya tashi. Abin da za su samu a ƙasa ma ba kaɗan ba ne: hanyar katako da ta ratsa cikin kurmi da fadama, da ɗawisu, da wani tsohon kunkuru, da birai ko'ina. Biran nan sun saba da mutane, suna fizge abinci da leda daga hannu. Komai na ci ya shiga jaka mai zif, kada yaro ya riƙe biskit yana tafiya. In biri ya yi cizo ko yakushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar saboda allurar rigakafin ciwon haukan kare.

Teku kuwa, a nan za mu ɗaure fuska. Ruwan bakin tekun Legas yana da ja. Igiyar ruwa in ta bugo ta koma, takan kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafa, yaro da ke tsaye ruwa iya gwiwa sai ya faɗi ta tafi da shi. Wanda ya iya iyo a kogi ko kududdufi bai iya wannan ba. Ku je wurin da ake biyan kuɗin shiga kuma akwai masu ceto, ruwa kada ya wuce idon sawu, babba ɗaya ga yaro ɗaya, hannu cikin hannu, fuska tana kallon teku. Mai ɗaukar hoto ba ya cikin masu tsaro.

In kwana ɗaya ya ragu, jirgin ƙasa na cikin gari da ake kira Red Line yana tsayawa a Agege, yana zuwa har Oyingbo, da katin Cowry ake shiga. Sannan gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan yana ajiye da baƙar Marsandi da aka harbe Janar Murtala Muhammad a ciki ranar 13 ga Fabrairun 1976, da ramukan harsashi a jikinta. Mai shekara 9 zai tsaya ya yi tambaya. Mai shekara 6, kai ka san zuciyarsa, in mai tsorata ne ka bar shi a waje da mahaifiyarsa.

Daga wani Alhaji a zangon Kumasi: Za mu yi Umra da jikokina biyu, shekara 7 da 10. Kwana uku kawai za mu yi a Madina. Kamfanin tafiya ya sa mana ziyara a bas. Ta dace da yara? Kuma babban yana so ya hau Kogon Hira.

Allah ya karɓa, Baba. Ziyarar bas takan haɗa Masallacin Ƙuba, da Ƙiblataini, da Uhudu, da kasuwar dabino a cikin awa uku zuwa huɗu, ana sauka ana hawa, kowane wuri minti kaɗan, mai jagora yana ƙirga kawuna. Ga manya ba laifi. Yara kuwa abin da suke tunawa shi ne zafin kwalta da "ku yi sauri". In aljihu zai ɗauka, ku ɗauki tasi ku kaɗai bayan sallar Asuba, ku yi wuri biyu a natse.

Na farko Uhudu, kimanin kilomita 5 arewa da Masallacin Annabi (SAW). Tudun maharba gajere ne, mai shekara 7 zai hau shi ba wahala. Ku tsaya a sama, ka nuna musu inda aka ajiye maharba 50 aka ce kada su sauka, da inda mahayan Ƙuraishawa suka zagayo ta baya, da maƙabartar Sayyidina Hamza da sauran shahidai a ƙasa. Darasin Islamiyya da suka haddace, a nan zai zama wuri mai dutse da ƙasa. Na biyu Ƙuba, wanda akwai titin masu tafiya a ƙafa daga harami zuwa can, kimanin kilomita 3. Ku je a mota, in yamma ta yi sanyi kuma ƙafafu sun yarda ku dawo a ƙasa, akwai wuraren zama da na shan abin sanyi a hanya. Akwai kuma abin kallo da ba a biyan ko riyal: manyan laimomi 250 da ke harabar Masallacin Annabi (SAW), waɗanda ke buɗewa da safe su naɗe da yamma. Ku tambayi ma'aikata lokacin, ku zauna ku jira.

Kogon Hira a Makka yake, a saman Dutsen Nur, hawan yana da wahala ko ga mai ƙarfi, da tsayi da cunkoso a matsattsun wurare, kuma ba ya cikin ayyukan Umra. Mu dai ba mu ba da shawarar a hau da ɗan shekara 10 ba, balle a bar kaka yana haki a baya. A gindin dutsen an gina wurin baje kolin tarihin wahayi, ya ga dutsen daga nan. Ka tuna Safa da Marwa kaɗai, zuwa bakwai, ta haura kilomita 3, ban da ɗawafi, don haka ranar Umra kada a sa musu wani yawo. In za a iya, tafiya tsakanin biranen biyu ku yi ta a jirgin ƙasa na Haramain, mai gudun kilomita 300 a awa, wanda ke kaiwa cikin ƙasa da awa biyu da rabi. Babban zai manta da zancen kogo na ɗan lokaci.

Daga wata uwa a Bauci: Ni tsorona biyu ne, yaro ya ɓace a cikin taro, ko cikinsa ya ɓaci a baƙon wuri. Me zan tanada?

'Yar uwa, kowace safiya kafin ku fita ki ɗauke shi hoto da kayan da ke jikinsa, domin mai cigiya a ruɗe ba ya tuna launin riga. Ki sa masa riga mai haske da ake hangowa daga nesa. Ki rubuta sunanki da lambar waya biyu da sunan masauki a takarda, ki sa a aljihunsa ki maƙale da fil, ko ki rubuta lambar a damtsensa da biro. Sunansa kada ya fito ɓaro-ɓaro a riga ko jaka, don kada baƙo ya kira shi da suna ya ɗauka sananne ne. Ki koya masa abu biyu, ku gwada a gida: in bai gan ki ba ya tsaya cak inda yake, kada ya tafi nema, sannan ya nemi taimakon mai kayan aiki ko mace mai ɗauke da yara. In manya biyu ne ko fiye, a faɗa da baki wa ke riƙe da wa. Yawancin ɓata yana faruwa ne lokacin da uwa ta ɗauka yana wurin uba, uban kuma ya ɗauka yana wurinta.

Batun ciki, ruwan roba mai hatimi, abinci mai zafi da aka dafa a gabanki, 'ya'yan itacen da ke za ki ɓare da hannunki. Ƙanƙara da zoɓon ƙulli da yankakken kankana na bakin titi ki haƙura da su kwana biyun nan. Sabon abinci mai yaji, irin su kilishi ko gurasa bandashe, a ɗanɗana da yamma an dawo masauki, ba ana tsakiyar yawo ba. A wanke hannu da sabulu bayan gidan zoo kafin a taɓa abinci. Ki riƙa miƙa masa ruwa duk bayan rabin awa ko bai nema ba, yaro mai wasa ba ya cewa yana jin ƙishirwa sai ya galabaita, kuma a watan Afrilu zafin garuruwan Arewa yakan kai maki 40. Ya shiga banɗaki kafin a bar kowane wuri, ko ya ce ba ya ji.

A jaka ki sa ƙunshin gishiri da sukari na ORS guda huɗu, ki duba jikin takardar ko na lita ɗaya ne ko na rabin lita, don kada ki haɗa shi da kauri. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ki haɗa da ƙwayar zinc, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14 ga yaron da ya wuce wata shida. Sai farasitamol na yara da cokalin awonsa, filasta, kayan canji cikakku, leda biyu saboda amai, da abin shaƙa in mai asma ne, musamman da hunturu. Mai amai a mota ya zauna inda zai ga titi ta gaba, ba waya a hannu, ba cin mai maiƙo kafin tashi. In kika ga jini a bayan gida, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko idanunsa sun faɗa, ko ya yi awa shida zuwa takwas bai yi fitsari ba, an gama yawo, sai asibiti mafi kusa, wanda ya kamata ki tambayi sunansa a masauki tun daren da kuka sauka.